Rasuwar Rumbu, Wanda Ya Cika Yana Cewa Lafiya Lau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɓacin ran da ya rasa inda zai sauke, mai shagon ɗaukar hoto na ƙasan bene, wanda mutanen layi suka fi sani da Kalli-Nan, yana sanar da 'yan'uwa, abokan arziki da kwastomomi rasuwar na'urar ajiyar hotunansa, Rumbu. Marigayin ya cika a kan teburin ɗakin baya, bayan doguwar jinyar da ya ɓoye wa kowa, har da mutumin da yake goge masa jiki kullum safe.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Rumbu baƙin akwati ne mai faifan ajiya biyu a cikinsa. Ƙanwar mai shagon, Auta, wadda gyaran kwamfuta ne sana'arta, ita ta haɗa shi. Ta ɗaure faifan biyu da manhaja suka zama tagwaye: duk hoton da aka ajiye a ɗaya sai an rubuta shi a ɗayan, don in ɗaya ya faɗi, ɗan'uwansa ya riƙe gida. Tun daga ranar Kalli-Nan ya daina fargaba. Da ya juye aiki a cikin Rumbu, sai ya goge mimorin kyamara ya wuce gaba.

Ba za a hana mamaci shaidarsa ba. Marigayin ba shi da hayaniya. In an kunna shi sai ya ce "tit", ya shiga gurnaninsa a hankali, "huuum", kamar dattijo yana gyangyaɗi. In aiki ya yi yawa a ji "ƙir, ƙir-ƙir", shi ke nan. Koriyar fitilarsa ba ta taɓa sauya launi ba. Kowane mako yakan duba tagwayensa, ya turo saƙo a wayar maigidansa cewa sun daidaita, komai lafiya lau.

Shi ma Kalli-Nan bai rage shi da komai ba. Ya saya masa batirin ko-ta-kwana, ya kafa masa fankarsa shi kaɗai, alhali shi yana ta gumi a gaban shago. Ya hana kowa ajiye kofin shayi kusa da shi. Har maman yara takan ce, in aka ɗauke wuta, lafiyar Rumbu yake fara tambaya kafin ta 'ya'yansa.

Asirin ciwon ya tonu ne ranar da wata tsohuwa ta shigo shagon. Ɗanta direban babbar mota ne, ya rasu a hatsari. Ta tuna ya taɓa zuwa nan an ɗauke shi hoto, shi ne take so a wanko mata babba ta rataye a ɗaki.

"Mama, ki zauna," in ji Kalli-Nan. "Abin da ya shiga shagon nan ba ya ɓata."

Ya ja mata kujera kusa da allon kwamfuta, ya buɗe hoton. Hular direban ta fito, goshinsa ya fito, girarsa ta fito. Daga nan zuwa ƙasa babu komai sai toka-toka da zane-zane masu launi. Tsohuwar ta matso, ta ɗora yatsa a inda ya kamata ido ya kasance.

"Ɗan nan, jira za mu yi ya gama fitowa?"

Ya rufe ya sake buɗewa. Ya buɗe na kusa da shi, da na kusa da wannan. Ya juya ya kalli Rumbu. Fitila koriya shar, gurnani yadda aka saba.

Auta ta zo da jakar kayan aikinta. Ta binciki kowane faifai shi kaɗai, ba ta sami ciwo ba. Ta sauya wayoyin da suka haɗa su, ba abin da ya canja. Ta gwada tagwayen da juna, suka yi daidai ƙwaya da ƙwaya, har wurin ɓarnar. Sai ta ɗauki sabon hoto mai kyau ta ba marigayin ajiya, ta karɓo, ta gwada da na asali. Ya bambanta. Ta sake, ya bambanta a wani wurin. Da ta sa gwajin ƙwaƙwalwarsa, wadda komai ke bi ta cikinta kafin ya kai faifai, allon ya cika da jan rubutu.

"Yaya, faifan lafiyarsu ƙalau. Ƙwaƙwalwar ce ta taɓu, kuma ta daɗe. Shi yake lalata abu kafin ya rubuta, sai ya rubuta ɓarnar sau biyu."

"To tsofaffin fa? Lafiya na ba shi su."

Auta ta ce, "Duban nan na kowane mako. Yakan ga bambanci inda babu, sai ya ce zai gyara. Ya ɗora lalatacce a kan mai kyau, sannan ya turo maka saƙo."

"Wato ranar da yake ce min lafiya lau..."

"Ranar yake ɓarnar."

Kalli-Nan ya nemo bidiyon mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, wanda ya koya masa riƙe kyamara. Shi kaɗai ne bidiyon da suke da shi: tsohon yana zaune a shagon nan, yana ba da labarin kyamararsa ta farko yana dariya. Hoton ya fito ya farfashe gida-gida. Tsohon ya buɗe baki, sai wata ƙara ta fito kamar ana jan ƙarfe a siminti. Auta ta miƙa hannu ta kashe sautin, ta fita waje ta daɗe ba ta dawo ba.

Da ta dawo ta ce gyaran ba wuya, ɗan guntun abu ne za a cire a sa sabo, Rumbu ya ci gaba da aiki. Kalli-Nan ya ce a'a. Da ciwo ne kawai, da ya yi jinyarsa har inda ƙarfinsa ya ƙare. Kyamara in za ta mutu takan yi gardama. Firinta takan ci takarda, kowa ya san ba ta da lafiya. Amma wanda ya kalle ka mako bayan mako ya ce ka kwantar da hankalinka, alhali yana cin amanarka, ba ka sake ba shi ajiya. Bayan Auta ta kwashe abin da ya kwasu, shi da kansa ya zare masa waya. Fankar cikinsa ta yi "fiiiu", ta tsaya.

Marigayin ya bar kyamarori biyu, da firinta mai yawan laulayi, da batirin da yanzu bai san wa yake gadi ba. Ya bar amare babu ƙafafu, da ɗalibai sun gama makaranta babu fuska, da jarirai masu koren rabin jiki. Ya bar maigidan da har yau bai gaya wa mahaifiyarsa zancen bidiyon ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Za a ciro faifan a huda su da injin huda ƙarfe, saboda sirrin mutane da ke ciki. Gangar jikin kuma mai sayen tsofaffin ƙarafa zai wuce da ita. Ba a buƙatar rakiya, kuma ana roƙon kada kowa ya zo yana faɗin kirkin mamacin.

Za a karɓi gaisuwa a cikin shago. Masu zuwa su taho da wayoyinsu. Duk wanda Kalli-Nan ya taɓa tura wa hoto, ko yake da muryar mahaifin mai shagon ko da a gefen wani bidiyo ne, ya taimaka ya kawo a kwafa. Ana neman direbobi musamman, abokan aikin ɗan tsohuwar nan, domin ta ce za ta zo tun da wuri ta zauna. Ta ce ko daga nesa aka ɗauke shi, ko bayansa ne kawai ya fito, a nuna mata, za ta gane ɗanta.