Jan Biron Malam Gazali

Duk wanda ya ce babu Turanci a Sakkwato, to bai taɓa bi ta Ƙofar Kware da hantsi ba. Can zai tarar da Malam Gazali a bakin zaure, tabarau a karan hanci, ƙamus a hammata, jan biro a aljihun gaba. Mutanen unguwa na kiransa Ƙamus Mai Ƙafa. Shi ya fi son a ce Farfesa, ko da yake jami'ar da ta ba shi muƙamin har yau ba a aza harsashinta ba.

Allah ya yi wa bawan nan baiwa, wannan ba a musu. Shekara goma sha ɗaya yana koyar da darasi guda a zauren: kalmomin Turanci masu rikita jahilai. Jahilai kuwa a wurinsa su ne kowa da kowa, ban da shi da Turawan da suka rubuta ƙamus. Su ma ɗin yana da 'yan gyare-gyaren da zai ba su in an haɗu.

"Ku saurara, bayin Allah!" Haka yake buɗe aji. "Bature ya raba *borrow* da *lend*. Mai amsar aro daban, mai bayarwa daban. Ku ko kun dame su wuri guda kamar hura da nono. Shi ad dalilin da yas sa ƙasag ga ba ta ci gaba!"

Taimakon jama'a kuwa, kai, ba a magana. Ran nan maƙwabcinsa Dodo, mai sayar da shinkafa, ya kawo masa takardar asibiti don ya gaya masa ranar da za a yi wa matarsa aiki. Farfesa ya zaro jan biro, ya yi rabin awa yana zane-zane, ya ba likitan maki uku bisa goma, ya miƙa wa Dodo takardarsa. Ranar aikin fa? Wannan ƙaramar magana ce, ba ta manyan masana ba. Sai da Dodo ya tsallaka gidan Mariyatu, wata bazawara 'yar manoma da ke zuwa ajin, ta karanta masa a tsaye, ta ce jibi ne, kuma kada matar tasa ta ci komai da safe. Ita ce Mariyatun da Farfesa ya taɓa gaya wa a gaban aji cewa ita da Turanci sai dai a lahira.

Ana nan sai wata ƙungiya mai koya wa manoman shinkafa dabarun noma ta buɗe ofis a Sama Road, tana neman tafinta. Ga albashi, ga babur, ga ɗaki mai na'urar sanyi. Aka yi jarrabawa, Malam Gazali ya zo na ɗaya. Tsakani da Allah mutumin ya iya Turancin, ba nan cutarsa take ba.

Ranar Litinin takardar ɗaukar aiki ta iso. Sharaɗi ɗaya ne a ciki: ya sa hannu ya mayar kafin sha biyun ranar Alhamis. Kafin la'asar Farfesa ya sallami ɗalibai, ya rabar da bencinan zaure sadaka, ya shaida wa unguwa cewa duniya ta kira shi. Matarsa Ummulkhairi har da hawaye. Shekara goma sha ɗaya tana ƙunshe da 'ya'ya huɗu a ɗaki guda cikin gidan wansa, ga shi yau Allah ya kawo mafita. Ta soya wainar masa, ta raba wa maƙwabta.

Washegari ya zauna zai sa hannu. Ya kai hannu aljihu, abin da ya saba fitowa ya fito. Idonsa ya sauka a layi na biyu, sai ga *advice* zaune daram a kujerar *advise*. Inna lillahi! Ya ja layi. Ya ga wani, ya ja. Kafin shayinsa ya huce takardar ta yi jajir kamar an yanka kaza a kanta. Ya ba su huɗu bisa goma, ya rubuta a ƙasa cewa a sake rubutawa a kawo masa.

Ummulkhairi na tsaye a kansa. "Malam, don Allah ka sa hannun dai. Hannu anka ce ka sa."

"Ni? In aza sunana ƙarƙashin kuskure bakwai?" Ya gyara tabarau. "Ke ba ki san manyan ma'aikatu ba. Gwada ni su kai. Da sun ga wanga aiki, ba tahinta ba, shugaban ofis za su ba ni."

Da ƙafarsa ya kai takardar, ya ajiye wa sakatare, ya juyo yana taku ɗai-ɗai. Laraba ya sa babbar riga ya zauna a zaure yana jiran tawagar ban haƙuri. Alhamis ya ƙara turare. Sha biyu ta yi, ta wuce, babu wanda ya leƙo sai akuyar gidan Dodo.

Sai ranar Litinin ta sama wani ma'aikaci ya tsaya da sabon babur, ya miƙo ambulan. Farfesa ya ƙare wa babur ɗin kallo, har ya fara tunanin inda zai riƙa ajiye shi. Ya buɗe ambulan ɗin. Layi huɗu ne kacal. Ƙungiya na godiya da gyaran da ya yi. Tun da bai sa hannu a kan lokaci ba, ta ɗauka ba ya bukatar aikin, ta ba wadda ta zo ta biyu. A ƙasa an rubuta sunan wadda ta tsara wasiƙar a madadin shugaba: sabuwar tafinta, Mariyatu.

Ya zaro jan biro, don ko ba komai ya rama. Ya bi wasiƙar daga sama har ƙasa. Ya sake bi. Ya buɗe ƙamus, ya bi ta uku da yatsa, kalma bayan kalma. Ko ɗigo babu wanda ya kauce.

Ummulkhairi ta leƙo zauren da babu benci ko ɗaya, ta ga fuskarsa, ta gane. Ba ta yi kuka ba, haushi ya hana ta.

"To, Farfesa, nawa sunka ci wagga karon?"

Muryarsa ta fito 'yar ƙarama. "Goma bisa goma."

"Madalla, ashe ɗalibarka ta iya," in ji ta. "Sai ka tashi ka bi gida-gida ka roƙo bencinanka. Ka tambaye ta ko *borrow* za ka ce musu ko *lend*."