Takalmin Eli a Ƙafar Jikansa

"Sannu da gida, Kaka... wayyo Allah!"

"Yawwa, sannu ango. Ni kake gaisarwa ko ƙasa? Na ga ita kake kallo."

Haka jikana Asher ya shigo mini ran Laraba, rana tsaka, bazara na tafasa, a duƙe, hannu ɗaya a ƙugu. Kwana goma sha tara ke nan da rasuwar kakansa Eli, mijina na shekara hamsin da ɗaya. Gawar tana ɗakin sanyi a asibiti a Kafanchan, ran Asabar za mu kawo shi ƙauyenmu kusa da Fadan Kagoma mu binne. A wurinmu in tsoho ya mutu, kuka ba aikin jikoki ba ne. Ɗayansu zai sa kayan mamacin, ya shiga gaban akwatin gawar daga coci har gida, yana kwaikwayon tafiyarsa, har masu hawaye su yi dariya. Asher ya ce shi zai yi. Malamin makaranta ne a Kujama, shekararsa ashirin da tara, kuma tun yana goye nake kiransa mijina.

"Wane ango? Ni na sake ki tun bara. Ba haƙori, ba ladabi."

"Da wane baki ka sake ni? Yanzu da babban ya tafi, kai ka gaje ni, da ni da awakina biyu. Dubi rabona, jama'a: miji mai tafiya kamar agwagwar da ta sha burkutu."

"Bar ni in zauna, tsohuwa. Bayana zai ɓalle."

"Ba a wannan kujerar ba, ta lotsa, ƙarasa ka za ta yi. Kwanta a tabarma, rigingine. Ɗaga ƙafafun ka ɗora a kan benci."

Da ya ɗaga ƙafafun ne na ga abin da ya sa. Takalmin aikin Eli ne na reluwe, baƙi, mai nauyin dutsen niƙa, dunduniyar hagu a cinye. Tun ranar da aka fita da Eli ban taɓa takalmin nan ba. Na juya na gyara itacen murhu, ko da yake ba abin da ya same shi.

"Ina ka je da shi, ɓarawo?"

"Gonar citta. Yau kwana uku ina zuwa ina dawowa. Ina koyon tafiyarsa."

"Da ƙarfe nawa kake fita?"

"Sha ɗaya."

"Sha ɗaya! A ranar nan da ko ƙadangare ke neman inuwa? Kakanka kafin zakara ya gama gyaran murya ya kai rafi. Ruwa fa?"

"Baba bai taɓa ɗaukar ruwa ba."

"Don ni nake ɗauka, sakarai! Shekara ashirin gora tana kaina. Ka sa takalmin da ya fi ƙafarka, gefe ɗaya a karkace, ka saɓa garma a kafaɗa ɗaya, ka lanƙwashe kamar lauje, ba ruwa, ba hutu. Me kake so bayan ya yi maka? Waƙar yabo?"

Na tafasa ruwa, na surka, na tsoma tsumma, na ce ya juya ya kife.

"Kai! Dafa ni za ki yi?"

"In dafa ka in ci me? Jikin duk indomi ne."

"Hannunki kamar bayan kada."

"Hannun nan ne ya wanke maka kashi shekara biyu, ba ka yi ƙorafi ba. Tsaya in shafa man kaɗanya. Kai da kake yini a kujera kana zana wa 'ya'yan mutane jan biro, ko bayan gida za ka sai ka hau acaɓa, rana ɗaya ka tashi ka ce kai ne Eli. Baya ba ya son ba-zata. A hankali ake saba masa, yau zuwa rafi, gobe a ɗan wuce."

"Likita Jacinta. A wace makaranta kika yi karatu?"

"A wadda ta kori ubanka. Ji nan, in ba ka miƙe ba ran Asabar, Clinton ne zai sa rigar."

"Clinton ɗan Kawu? Wanda aka haifa a Legas? Bai san ma da wace ƙafa Baba yake fara tafiya ba."

"Amma bayansa lafiya lau. Ya kuma fi ka kyau. Ina ma tunanin in kwashe awakina in koma wurinsa."

Na jira ya rama. Fuskarsa na cikin tabarma, sai na ji muryar ta fito wata iri.

"Kaka, sau biyu ya kira ni a waya. Ya ce in zo in raka shi gona, ya nuna mini inda zai sa citta bana. Na ce sai na gama duba takardun jarrabawa. Na ce sai hutun Ista."

Ista ta zo ta sami Eli a ɗakin sanyi. Mu biyu mun san haka. Na matse tsumma har ya bushe, na sake tsomawa.

"To shi ya sa kake horon bayanka? Bayan ne ya ɗauki wayar?"

"Ba horo ba ne. So nake ran Asabar in kin ɗaga ido ki gan shi, ko sau ɗaya. Amma ba ya fitowa. Jiya Simon mai gonar kusa da tamu ya kalle ni ya ce takalmin ne kawai na Eli, tafiyar ta ɗan makarantar da ya makara ce."

"Tashi ka nuna mini."

"Yanzu kika ce in kwanta."

"Na canja magana, kai ƙara wurin Fasto. Kada ka zabura. Juya gefe tukuna, dafa ƙasa da hannu, sannan ka tashi. Cire takalmin."

Ya bi tsakar gida daga rumbu zuwa ƙofa. Gaskiya yaron ya lura da kakansa: wuya a gaba, ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa, yana gunaguni da hanci kamar yadda Eli yake ɓata waƙoƙin coci. Amma ya tafi sambal, bai tsaya ba.

"Ina tsayawar?"

"Wace tsayawa?"

"Gindin mangwaron Simon. Gindin ɗorawa. Bakin rafi."

"Ai wannan ciwon bayansa ne, na cire da gangan. Kowa ya san shi: ya tsaya, ya dafa ƙugu da hannu biyu, ya banƙare, ya ce, 'Wayyo, reluwe ta cinye ni!' Ba zan nuna wa jama'a rauninsa ranar binne shi ba."

Dariya ta kama ni har na riƙe benci. Ban san inda ta ƙare ba, sai na ji ruwa yana bin haɓata.

"Eli? Ciwon baya? Mutumin da ya yi shekara talatin yana bin layin dogo da ƙafa yana duba ƙusoshi? Bai taɓa ciwon baya ba, ko na kwana ɗaya."

"To me..."

"Ni ce mai ciwon. Tun haihuwar ubanka. Kuma ka san bakina, ba macen zumuntar coci da ban kira raguwa ba. Da in ce na gaji a gaban mutane, gara in faɗi a hanya. Shi ya gane. Da ya yi ritaya muka fara zuwa gona tare, sai ya ƙirƙiro wa kansa ciwo. Ya tsaya a inuwa, ya banƙare, ya ce in yi yadda yake yi, wai kada ya ji kunya shi kaɗai. Ya karɓi gora ya kurɓa kaɗan, ya ba ni in sha sosai. Kuma kafin ya tsaya, sai ya ɗan waiwaya ta kafaɗar hagu ya ga yadda nake. Wannan ne ba ka da shi. Ba kuma za ka same shi ba, don kwana ukun nan ba kowa a bayanka."

Asher ya juyo ya kalle ni.

"Shekara ashirin kina kiransa mai bayan kwali a gaban mutane."

"Ina kira. Yana amsawa."

"Kin taɓa yi masa godiya?"

"Rufe mini baki."

Ya ci gaba da kallona, ɗan banza, da idanun nan irin na kakansa.

"Ban taɓa ba," na ce. "Ni ma sai Ista nake jira."

Akuyata ta shigo ta sa baki cikin man kaɗanya, ba wanda ya kore ta. Can sai Asher ya share hanci da bayan hannu.

"Ashe ke ce raguwar, matata. Ran Asabar zan sanar a coci, da makirufo."

"Ka sanar in fasa maka kai da muciya."

"To ki biyo ni a baya, in rufa miki asiri."

"Matan zumunta sun ce a mota zan zauna, ni gwauruwa ce mai daraja."

"Mota ta ɗauki Clinton, ai ɗan Legas ne. Ke gora za ki ɗauka."

"Ji mara kunya! Mijina bai shiga ƙasa ba, har an ɗora mini kaya. To da sharaɗi. Yau ba inda za ka. Gobe da asuba, zuwa mangwaro kawai, da naka takalmin. Na Eli ka rataya a wuya, haka yake yi in zai ƙetare rafi."

"Na yarda. Taso mu gwada."

Na ciro gorar daga inda take rataye, na bi bayansa. Taku ɗaya, biyu, uku, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Da muka kusa inuwar rumbu, sai ya ɗan waiwaya ta kafaɗar hagu, ya tsaya, ya dafa ƙugu da hannu biyu.

"Wayyo, reluwe ta cinye ni! Jacinta, yi yadda nake yi."

Na dafa ƙugu. Na banƙare. Na miƙa masa gorar, ko da yake ba ruwa a ciki.

"Ka ci jarrabawa, mai bayan kwali," na ce. "Rigar tana cikin akwatina, je ka ɗauka. Na gode."