Rasuwar Gwaggo, Na'urar Haɗa Harsashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da har yau bai bushe ba, iyalan Injiniya Maharazu Habu na Cheetham Hill a Manchester suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo, na'urar haɗa harsashi, wadda rai ya yi halinsa ranar Lahadin da ta gabata da hantsi, a ɗan ɗakin katakon da ke bayan gida. Ta rasu tana da shekara arba'in da ɗaya. Babu kowa a kanta sai maigidanta.

Ga wanda Allah bai sa ya san ta ba: baƙin ƙarfe ce zubi guda, mai hannu ɗaya, ɗaure a bakin teburi. Aikinta biyu ne. Kwanson harsashi idan an harba shi yakan kumbura, ita ke matse shi ya koma yadda yake. Sannan ta zaunar da sabuwar ƙwaya a bakin kwanson, a miƙe tsaye, iya zurfin da aka nema. Karkatar da ba ta fi kaurin gashi ba a nan, kafin ta isa allon da ake hari can nesa ta zama taƙi guda. Wannan amana ta riƙe duk tsawon rayuwarta.

An haife ta a Small Heath ta Birmingham, a maƙerar wani dattijo mai suna Eli, wanda shi ya zuba ta da hannunsa tun yana saurayi. Ta shigo gidan Injiniya shekara goma da suka wuce, lokacin da ya shiga kulob ɗin masu harbin allo, bayan 'yan sanda sun zo sun duba akwatin ƙarfen da zai kulle bindiga, sun sha shayi, sun ba shi lasisi. Uwargidansa Hajiya Turai ce ta raɗa mata suna, saboda ƙorafinta. Idan aka ja hannunta ƙasa sai ta ce ƙiii, kamar tsohuwar da aka tasa daga tabarma, idan ta gama sai ta ce tak. Bayan wannan tak ɗin babu sauran magana.

Alherinta mafi girma ya bayyana ne shekara shida da suka wuce, a shekarar da aka fara tsuke bakin aljihu. Council, wato hukumar gari, ɗin da Injiniya ya yi wa shekara goma sha takwas yana duba lafiyar gadoji ya rage ma'aikata, aka miƙo masa takardar sallama. Laburaren unguwa da yake zuwa cika takardun neman aiki shi ma aka sa masa kwaɗo. Mutumin da kalmarsa ke rufe gada ya koma mai rakiyar Hajiya kasuwa. Wuri ɗaya ya rage masa a duk ƙasar nan inda ake tashi a ba shi hanya: filin kulob, ranar Asabar, inda yakan kwanta rub-da-ciki a jiƙaƙƙiyar ciyawa ya zuba harsashi goma a cikin fili kamar tafin hannu daga yadi ɗari shida. Turawan da ba su iya faɗin sunansa ba sukan zo su leƙa akwatin harsashinsa, su tambaye shi sirrin. Yakan ce Gwaggo ce. Ita ce ta riƙe masa mutunci a shekarun da babu mai riƙe masa.

Ciwon ajalinta, kamar yadda maigidanta ya riƙa ba da labari, ya faro ne bara da kaka. Ya mirgina wani harsashi a kan teburi sai ya ga bakinsa yana rangaji. Ya auna goma, tsawonsu ya ƙi zuwa ɗaya. A fili kuma wasu suka ƙi shiga bindiga, sakata ta ƙi rufuwa, ya tashi da laka a gwiwa mutane suna kallo. Nan jinya ta fara, jinyar da ba a taɓa yi wa wani ƙarfe irinta ba. Ya kwance bututun matse kwanso ya wanke. Ya ƙara masa juyi, ya rage. Ya sauya bututun zaunar da ƙwaya. Ya datse bakin kwansuna, ya kankare, ya zubar da tsofaffi ya sayo sababbi. Ya zargi ma'auni, ya zargi teburi, ya zargi sanyin Manchester. Wata bakwai yana kanta.

Hajiya Turai ba ta san komai game da harsashi ba. Abin da ta sani shi ne shayi ya fara zuba a faranti, kuma maɓallin wuyan riga ya koma ɗaukar lokaci.

"Baban Ruƙayyatu," ta ce masa wata safiya, "ka bari in kira likitanmu GP mana."

"A kan me? Ni na ce miki ba ni da lafiya?"

"Hannunka ne ya ce."

"Sanyi ne, Turai. Ki bar ni da abin da ya dame ni, Gwaggo ce ba ta da lafiya."

Ya san abin da take nufi, ya kuma san abin da ita ba ta sani ba. Lasisinsa zai ƙare a watan Disamba. A takardar sabuntawa akwai tambaya kan ciwon jijiya, kuma ana tuntuɓar likita. Idan maganar hannu ta shiga fayil, Asabar ta tafi. Ciwon Gwaggo kuwa ana iya gyara shi da sifana.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya kwance ta, ya naɗe ta da bargo kamar jaririya, ya sa a jaka mai taya, ya hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, ya mayar da ita wurin wanda ya yi ta. Maƙerar Eli ta daɗe da zama shagon katifa, amma yana da teburi a garejin gidansa. Dattijon ya ɗaure ta, ya shafa ta, ya haɗa guda goma marasa albarushi. Ƙiii, tak. Ƙiii, tak. Ya mirgina su, duk goman suka tafi sumul.

"Zo ka yi naka in gani," in ji Eli.

Injiniya ya yi goma. Bakwai suka yi rangaji. Eli bai ko dubi na'urar ba. Idonsa na kan yatsun hagu masu riƙe ƙwaya a bakin kwanso, da hannun dama da ke sakin mariƙi kafin ya kai ƙarshe.

"Ɗana, ni na zuba ƙarfen nan," ya ce. "Sai ta binne ni, ta binne ka. Tun yaushe hannun yake haka?"

"Ban zo Birmingham ganin likita ba," in ji Injiniya. Ya naɗe ta, ya yi godiya a tsaitsaye, ya koma tasha.

Ranar Lahadi bayan karin kumallo ya shiga ɗakin katako da niyyar ƙaryata dattijon. Dokar farko da ake koya wa kowane sabon shiga ita ce a shafa wa kwanso mai kafin a matse shi. Shekara goma bai taɓa mantawa ba. Ran nan ya manta, domin hankalinsa duka yana kan hana yatsunsa rawa. Kwanso ya shiga ya cije. Ya ja, ya ƙi. Da ya tsaya a nan, da an ciro shi cikin ruwan sanyi. Sai ya ɗauko bututun famfo ya zura a hannun Gwaggo, ya hau da duk nauyinsa, da na shekarun nan shida, da na maganar Eli. Ba ta ce ƙiii ba. Ta ce ƙas, sau ɗaya, gaɓarta ta rabe biyu.

Hajiya Turai ta same shi zaune a ƙasa, hannun marigayiya a cinyarsa, nasa hannun yana kaɗawa a kansa kamar mai rarrashin yaro. Babu sanyi a ɗakin, hita na kunne.

"Lafiyarta ƙalau, Turai," ya ce. "Lafiyarta ƙalau na kashe ta."

Ta durƙusa ta dafa hannun, bai daina ba, ita ma ba ta ɗauke nata ba.

Marigayiya ta bar bututu biyu, ɗaya da kwanso a maƙogwaronsa har yanzu. Ta bar ma'aunin da aka yi wa ƙazafi, da kwansuna ɗari uku da ba za a sake cikawa ba, da ramuka huɗu a bakin teburi. Ta bar mahaifinta Eli, wanda da aka gaya masa ta waya sai ya tambayi lafiyar Injiniya. Ta bar bindiga guda, marainiya, wadda Injiniya ya miƙa wa dillali mai lasisi ranar Talata da kansa, tun kafin kowa ya nema.

An riga an yi mata sutura. Hajiya ce ta goge ta da man da aka hana ta ranar ƙarshe, ta naɗe ta a bargon da ta je Birmingham da shi. Za a ɗauke ta daga gida ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, lokacin da a da ake fita zuwa fili, a kai ta wurin zubar da tsofaffin ƙarafa na council. A zo da wuri, an rage musu awoyin aiki. Za a yi zaman gaisuwa a gida bayan azahar. Babu zama ranar Alhamis, Injiniya yana da ganin GP da tara da minti arba'in, kuma Hajiya za ta raka shi.

Masu zuwa ta'aziyya, in ya miƙo muku hannu ku riƙe da kyau, kada ku kalla. Ya kuma roƙi a rubuta wannan a ƙarshe, a karanta wa 'yan kulob da duk wanda ya taɓa jin ya zarge ta: Gwaggo ba ta taɓa karkatar da harsashi ko ɗaya ba.