Ranar da Bindigata Ta Cije a Gonar Alhaji Isufu

Ko da zan manta lambar gidana, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Janairu ba. Amma kafin in shiga labarin, bari ku san wane ne ke magana, don kada ku ɗauka wani rago ne abin ya faru da shi. Ni jikan soja ne. Kakana ya yi soja tun zamanin Turawa, kuma har ya koma ga Allah ba wanda ke kiran sunansa a zangon Kumasi, sai dai Saje. An ce idan ya saita bindiga, tsuntsu da kansa yake faɗowa don ya rage wa kowa wahala. Wannan jinin ne ke gudana a jikina. (Gaskiya ne ban taɓa riƙe abin da ya wuce danƙon harbin ƙadangare ba sai da na zo Amurka, amma wannan bai shafi jini ba.)

Abin da ya kawo maganar shi ne, an yi ta fasa mana gilasan motoci a harabar masallaci ana tsakiyar sallar Juma'a, ga kuma labarai marasa daɗi da muke ji daga wasu garuruwa. Sai kwamiti ya zauna ya ce za a zaɓi wasu daga cikin masu lasisin riƙe bindiga su riƙa tsayawa a ƙofa, a naɗa ɗaya ya shugabance su. Liman bai gama shafa addu'a ba na miƙe. Na ce, jama'a, a daina wahalar neman shugaba, ga shi Allah ya ajiye muku shi a sahun gaba tun tuni. Na ba su tarihin Saje daga farko har ƙarshe. Mutaru, abokina ɗan unguwar Nima ta can ƙasarmu wanda muke tuƙa motar ɗaga kaya tare a wani sito a Wendover, ya ɗaga murya ya ce, "Ei, Kwamanda!" Da zolaya ya faɗa, ni kuwa na karɓe shi a matsayin naɗi. Kafin mako ya zagayo na sayi baƙin takalmin but da tocila mai tsawon taɓarya, na kuma hana yarana kirana Dadi a gaban mutane.

Alhaji Isufu, shugaban kwamitin, dattijo ne ɗan Nijar mai gonar awaki a McLeansville. Shi ya ce ba a naɗa kowa da baki, sai an gwada hannun kowa a bayan gonarsa. Wanda zai yi gwajin kuwa Malam Abdulkarim ne, Ba'amurke tsohon soja da ya musulunta, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba.

To, yanzu ga tsinanniyar.

Ƙaramar bistol ce, irin mai ɗora wa kanta harsashi bayan kowane harbi, wadda ake kira tuwanti-tu. Na zaɓe ta ne don dalili ɗaya: tana shiga aljihun kaftani ba tare da ta ɓata zubin ɗinkin ba. Mutum ya ba tela shadda mai kyau, sannan ya rataya ƙarfen da zai karkatar da rigar gefe guda kamar jakin da aka yi wa lodi ba daidai ba? Ba da ni ba. Amma wallahi tun da nake ban taɓa mallakar abu mai taurin kai irin wannan ba, har da tsohuwar motata da sai an tura. Ka harba ɗaya, ka harba biyu, a na uku sai kwanson harsashin ya maƙale a tsaye a bakin marfin samanta mai ja da baya, kamar ɗan iska ya soka sigari a baki yana kallonka. Ka cire, ka sake. Sai sabon harsashin ya ƙi hawa, ya kwanta a karkace. Ka gyara wannan, ka ja kunama, sai ka ji "ƙyas", shiru, harsashin ya ƙi tashi gaba ɗaya. Wai wannan ne abin da wani ya zauna a masana'anta ya ƙera, ya sa a kwali mai kyau, ya rubuta cewa don kare rai ne! Ran wa? Ɓarawo zai tsaya ya jira ka ne ka zaro harsashi da farce?

Na koma shagon da na saya a fusace. Na ajiye ta a kan tebur na ce wa mai shagon ya sayar mini da mara lafiya. Ko gezau bai yi ba. Ya ce ai ƙananan nan haka suke, suna da zaɓen harsashi, ba sa son datti, ba sa son a riƙe su da sanyin hannu. Sanyin hannu! Ni! Ya ce in riƙa wanke ta, in riƙa sa mata mai, ya miƙo mini wata 'yar kwalba da ba ta kai ta maganin ciwon ido ba. Na dube shi, na dubi kwalbar, na ce a raina wannan ruwan ba zai jiƙa ko allurar keken ɗinki ba. Na bar masa abarsa.

Ai mu muna da mai. A ɗakin maiɗakina, Hajiya Memuna, akwai bokitin man kaɗanya da mahaifiyarta ta aiko daga Tamale, na asali, mai ƙamshin hayaƙi. A gidanmu babu abin da man kaɗanya bai warkar ba. Kaushin ƙafa, murar jariri, ƙofar da ke kuka, zif ɗin jaka, har ciwon bayan da likitan nan ya kasa gane kansa. Ranar Juma'a da la'asar na shimfiɗa jarida a teburin kicin, na warware bistol, na narkar da cokali guda a makirowef. Da na ga ya yi kyau sai na ƙara wani cokalin. Na shafe marfi, na shafe sifirin, na ɗura a duk wata kafa da na gani.

Hajiya ta shigo ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Baban Sadiya, man nawa kake ɗura wa ƙarfe?"

"Ke dai ki yi kallo. Abin da Bature bai sani ba ne."

"Bature da ya ƙera ta?"

"Ya ƙera, amma bai iya kiwonta ba."

"To Allah ya ba da sa'a. Ka dai rufe mini bokiti."

Na haɗa ta, na ja marfin baya na saki. Jama'a, kamar siliki! Ko ƙara babu. Na yi ta ja ina saki ina dariya ni kaɗai a kicin mai ɗumin hita. Don kada in manta da ita da safe, kuma don yara, na kulle ta a akwatinta na kai but ɗin mota. Can ta kwana, a titin Glenwood, a sanyin da ya wayi gari ya daskarar da ruwan da ke cikin kwata.

Da hantsi muka hallara a bayan gonar. Malam Abdulkarim ya kafa kwalaye a jikin wata tudun ƙasa, ya tara mu ya yi mana gargaɗi ɗaya, ya maimaita shi har na fara hamma: ko me ya faru, ko bindiga ta yi harbi ko ta ƙi, bakinta ba ya kallon ko'ina sai tudun nan. Dattawan kwamiti suna tsaye a bayanmu kusa da garken awaki, Alhaji Isufu a tsakiya da farar babbar riga a kan jaket. Mutaru ya fara. Ya yi harbinsa ba yabo ba fallasa, ya koma gefe.

"Saura Kwamanda!" in ji shi. "A matsar da awaki, jikan Saje zai yi aiki!"

Na fito da baƙin but ɗina. Na gyara tsayuwa yadda na gani a talabijin. Na sa gidan harsashi, na kama marfin zan ja baya.

Ya ƙi.

Na ƙara ƙarfi. Ya taho a hankali, a hankali, kamar ana jan cokali a cikin tuwon jiya. Na sake shi. Maimakon ya koma da ƙarfi ya ɗauki harsashi, sai ya kama hanya yana tafiya kamar tsohon da ya fito daga asibiti, ya je rabi ya tsaya yana hutawa. Na tura shi da babban yatsa. Na saita, na ja kunama. Ƙyas. Wani ɗan akuya ya yi kuka a bayana, kuma na rantse da gangan ya yi.

"Dusuma, dusuma," in ji Alhaji Isufu, wato in bi a hankali. "Ba gaggawa, Kwamanda."

Na sake ja da tura, gumi na keto mini a cikin wannan sanyin. A karo na gaba ta yi harbi, tau! Ƙasa ta tashi can nesa da kwalin, amma ban damu ba, ai an ji ƙara. Na ɗaga kai in karɓi kabbara. Sai na ga kwanson a tsaye a bakin marfi, sigarin nan dai, yana kallona.

A nan ne jinin Saje ya hau mini kai. Duk fushin da na tara wa bindigar nan, da mai shago, da masana'antar da ta ƙera ta, ya taso lokaci guda. Ina so dattawa su gani da idonsu cewa ba laifina ba ne. Sai na juyo gaba ɗaya, bindiga a hannu, na miƙa ta wajensu ina girgiza ta ina ihu, "Ku duba! Ku duba abin da take yi mini, don Allah!"

Ban taɓa sanin dattawan masallacinmu na da irin wannan lafiyar ba. Mutanen da ke sallah a kan kujera saboda ciwon gwiwa, na ga sun yi tsallen da ko ɗan ƙwallo sai haka. Ma'ajin kwamiti ya shige bayan tankin ruwa. Mutaru ya kwanta ruf da ciki yana salati da Hausa da Turanci da yaren Tuwi a haɗe. Alhaji Isufu kuwa, da farar babbar rigarsa, ya haure shingen garke ya sauka a inda awaki suka kwana suna abin da awaki ke yi. Kafin in rufe baki Malam Abdulkarim ya damƙe hannuna ya mayar da shi wajen tudu, ya zare bindigar kamar yana ƙwace wuƙa a hannun jariri. Bai yi mini tsawa ba. Da ma tsawar ya yi.

Ya cire harsasan, ya warware ta a kan bayan motarsa. Kowa ya taso yana kakkaɓe jiki, aka kewaye shi. Cikin bindigar nan fari fat, man ya daskare ya cika ko'ina kamar kitsen miyar da ta kwana a firji. Ya lakato da ɗan yatsa ya shinshina, ya dube ni ya tambaya da Turanci ko mene ne wannan. Na ce wani mai ne na musamman da ake kawowa daga waje.

Mutaru ya miƙa hanci. "Cale, abokina, man kaɗanya ne! Wallahi na Tamale ne ma! Kwamanda, kaushi take yi ne?"

Dariyar da aka yi har awaki sai da suka watse. Alhaji Isufu kam bai yi ba. Yana tsaye yana kallon gaban rigarsa.

Har gobe ina nan a kan bakana cewa bindigar nan munafuka ce, domin tun kafin ta ɗanɗani man kaɗanya take cijewa, kuma duk wanda ya ƙera ta sai mun tsaya da shi gaban Allah. Na faɗa wa Hajiya haka da na koma gida, da ƙarfi, ina dukan tebur. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ɗauke bokitinta ta kai ɗaki ta sa makulli. Abin da na koya dai shi ne, man kaɗanya na warkar da komai ban da ƙarfe a watan Janairu, kuma idan abu ya ba ka haushi, ba dole ne sai ka juyo ka nuna wa dattawa ba.

Duk da haka ban cire rai ba. Ranar Juma'a na sa baƙin but ɗina na tafi da wuri, ina tunanin ko mataimaki a ba ni. Bayan sallah aka sanar cewa Malam Abdulkarim ne shugaba, Mutaru na cikin masu tsayawa a ƙofa. Ban ji sunana ba. Na bi Alhaji Isufu har bakin motarsa, na rage murya na ce, "Alhaji, ni fa? Ko don darajar Saje ai a samar mini wani wuri."

Ya dafa kafaɗata, ya dube ni da tausayi irin na uba.

"Bon, to, Kwamanda, mun yi shawara, ba mu manta da kai ba. Kai ne za ka riƙa kula da wurin ajiye takalma. In ka ga wanda ya bushe, ka shafa masa mai."