Ranar Da Na Sa Wa Bature Hula A Ajin Ɗana

Ko da za a buɗe kaina a wanke ƙwaƙwalwar da sabulu da soso, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a birnin Gwanzu na China ba, ranar da na kwashi manyan alhazai da kuloli biyu na abinci na je jami'a na kunyata kaina a gaban ɗana, da rana tsaka.

Ni ɗan kasuwa ne. Kwaɗo da makulli da hannun ƙofa nake sarowa daga China ina kaiwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. In ka taɓa maƙalewa a banɗaki a Kano ƙofa ta ƙi buɗuwa, wataƙila ni ne sanadi, ka yafe min. Kuma Allah ya yi ni da baki. A Shawbe, unguwar da mutanenmu ke sauka su yi sayayya, har 'yan China da ba sa jin Hausa dariya suke in na fara labari. Na taɓa sa jami'in kwastan dariya har ya manta abin da ya tsayar da ni a kai (to, na ɗan ƙara gishiri, amma dai ya yi murmushi).

Mutum ɗaya ne a duniya nake komawa bebe a gabansa: ɗana na fari.

Haka muka taso. Mahaifinmu bai taɓa kiran sunan babban wanmu ba har ya koma ga Allah, ni ma da aka haifa min nawa sai na ɗora daga inda ya tsaya. "Kai." "Wannan yaron." "Ku ce wa wancan ya zo." Ƙannensa suna hawa wuyana suna ja min gemu, shi kuwa da ya shigo falo sai in gyara zama in ɗaure fuska kamar alƙali. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma a ganina babu son da ya fi wannan. Da ya gama sakandare na kawo shi Gwanzu karatu, na ɗauka na gama faɗa masa duk abin da ke raina.

Da tafiya ta yi tafiya, wani zuwa saro kaya, ana gobe zan taso daga Kano, mahaifiyarsa ta tare ni a bakin ƙofa.

"Alhaji, yaron nan ya ce in aka gama wannan zangon zai bar karatun. Kuma ba gida zai dawo ba."

"Ina za shi?"

"Ya ce shi ma bai sani ba. Ba ya fita, ba ya kula kowa, ko ɗalibai Hausawa 'yan uwansa ba sa ganinsa. Ka yi masa magana. Magana fa na ce, ba faɗa ba, ba kuma wasan kwaikwayon nan naka ba."

Da na sauka na kira shi wani gidan abinci na Musulmi a Shawbe. Ya zo ya rame, ya ƙara tsawo, suma ta taru masa a ka. Ya rusuna ya gaishe ni.

"Ya karatu?"

"Lafiya, Baba."

"Ya sanyi?" (Ana wani zafi da ko inuwa gumi take yi.)

"Lafiya."

Shi ke nan, kayana sun ƙare. Ni da nake iya yini ina ciniki a kan kwaɗo ɗaya. Muka zuba wa taliya ido kamar ita za ta yi mana sulhu. Can na hango wani ɗan littafi ya leƙo daga jakarsa, ya sha hannu har gefensa ya nannaɗe. Na yi caraf na kama zancen.

"Wannan fa?"

"Wani tsohon labari ne na Amurka. A darasin Turanci aka ba mu. Ranar Alhamis ni zan tashi in yi sharhinsa."

"Labarin me?"

"Wani yaro ne aka kora daga makaranta, ya ƙi komawa gida, yana ta yawo shi kaɗai a babban birni."

"Allah ya shirye shi," na ce.

Ya ɗago ya dube ni, ya tura littafin can ƙasan jaka.

To ni a duniyata, in aka taru a kan littafi, abu ɗaya ne: ƙaddamarwa. Na sha zuwa a Kano. Ga babban teburi, ga marubuci a zaune yana sunkuyar da kai, ga mai sharhi, wanda galibi farfesa ne, sannan ga mu masu manyan riguna da za mu tashi mu yi yabo mu sayi kwafi. Wato ɗana, a ƙasar mutane, shi aka zaɓa mai sharhi, kuma don kunya bai gayyace ni ba. Nan take na ga mafita. Tunda bakina ba zai iya gaya masa ina alfahari da shi ba, zan kwaso Shawbe gaba ɗaya ta gaya masa.

Na sami abokina Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, wanda ke ɗora mana kaya a jirgi. Yana jin yaren China kamar a nan aka yanke masa cibiya.

"Ka tabbata an gayyace mu?"

"Isufu, ƙaddamar da littafi ake gayya? Labari ake ji a je."

"Ni dai tunda nake garin nan ban taɓa ganin sun yi haka ba."

"Ba su waye ba ne. Mu za mu koya musu."

Ranar Alhamis muka fito, ni da Isufu da wasu alhazai, kamar 'yan ɗaurin aure. Shadda tana ƙara, turare yana tashi, shinkafa da kaza a kula, ni kuma na riƙe sabuwar hula ƙube a leda, tukuicin marubuci. Mai gadin jami'ar ya ga rigunanmu, Isufu ya yi masa wani dogon bayani, har sara mana ya yi. Ina jin ya ɗauka daga ofishin jakadanci muke.

Na yi tsammanin ƙaton zaure. Sai ga ɗan aji, bai fi shagona biyu ba. 'Yan ɗalibai ne a zaune, galibinsu 'yan China. Babu babban teburi, babu lasifika, ko ruwan roba babu. Mai hankali a nan zai ja birki. Ni kuwa sai na ce a raina, Allah sarki, ashe marubucin ma talaka ne, gara da muka zo.

Ɗana yana tsaye gaban allo da takarda a hannu. Da ya gan mu, fuskarsa ta koma ta wanda ya ga mamacin da aka binne jiya ya shigo da sallama. A gefe kuma ga wani dattijon Bature, furfura fat, siriri, kwat ɗinsa ta sha wanki ta gaji. Ban ko tambaya ba. Duk duniya haka marubuta suke.

Na yi gyaran murya, na yarfa hannun riga, na saki Turancina na kasuwa. Na ce a madadin al'ummar Kano da Nijar da ke Shawbe muna yi wa marubuci barka da zuwa. Na ce littafinsa ya karaɗe Najeriya, har a ƙauye ana karantawa (Allah na tuba). Na ce ni kaina na karance shi tas, kuma ya nuna min muhimmancin yaro ya bi maganar iyayensa. Sannan na zaro hular na kafa masa, na ɗan karkata ta yadda ya kamata, na rungumo kafaɗarsa na ce, "Isufu, ɗauki hoto." Sauran alhazai suka ɗaga wayoyi. Na ja numfashi zan faɗi kwafi nawa zan saya.

Baturen ya shafa hular a hankali, ya yi murmushi.

"Na gode, hula ce mai kyau. Sai dai ni malamin ajin ne kawai. Wanda ya rubuta littafin ya daɗe da rasuwa." Ya dubi wayoyin da ke kansa. "Kuma gara da ba ya nan. Mutum ne da ya guje wa jama'a, ya kulle kansa a gida shekara da shekaru, ko hotonsa ba ya yarda a ɗauka. Da ya gan ku, ta taga zai fita."

Wata ɗaliba ta kifa fuska a tebur, kafaɗunta suna rawa. Isufu ya matso kunnena ya kira ni da kalmar da 'yan China ke kiran maigida.

"Lawban, a ci gaba da ɗauka?"

Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Na juya zan sulale, Baturen ya ce tunda mun zo mu zauna, ɗalibinsa bai fara ba. Kujerun irin masu ɗan katakon rubutu a hannu ne. Tumbina ya shiga da ƙyar, kuma tun a lokacin na san ba zai fita ta daɗi ba.

Ba dariyar ce ta dame ni ba. Yaron nake kallo. Na san in ya ajiye takardar nan ya fita, to ya fita ke nan, daga ajin, daga makarantar, daga hannuna, kuma ni na tunkuɗa shi.

Ya ajiye takardar.

Amma bai fita ba. Ya ɗaga kai ya fara magana da ka.

Jama'a, ban san yaron nan yana da murya ba. Ni na haife shi, ni na yanka masa rago, amma ban taɓa jin ya haɗa jimla uku a jere ba. Ga shi yau yana zuba Turanci a nitse, ba sauri ba in'ina, ajin ya koma kamar masallaci ana huɗuba. Rabi nake kamawa, amma rabin ya ishe ni. Ya ce yaron cikin littafin ba lalatacce ba ne. Yawo yake yana neman mutum ɗaya da zai tambaye shi me ke damunsa, ya kuma tsaya ya ji amsar. Duk babban da ya gamu da shi, ko ya yi masa wa'azi, ko ya mayar da shi abin wasa. Ya ce marubucin ya je yaƙi ya dawo da abin da ba ya iya faɗa, ya rubuta wannan labarin, duniya ta yi masa caa, kowa yana son hotonsa da sa hannunsa, sai ya koma ƙauye ya ja ƙofa ya rufe. Ya ce shi ba ya ganin girman kai ne, gajiya ce da a yi ta kallonka ba a ganinka.

Wani ɗalibi ya yi tambaya da yaren China, yarona ya mayar masa da yaren China, har aka yi dariya. Isufu ya saki baki. "Wallahi ya fi ni," ya ce. Ni dai tsigar jikina ce ke tashi. Ji nake kamar na shekara ashirin ina kwana a kan rijiyar mai ina tsammanin tabarma ce.

Daga ƙarshe, ba tare da ya dubi inda nake ba, ya ce, "A garinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Kunya ce, kuma so ne, na sani. Amma in kana nesa da gida, inda ba wanda ke iya faɗin sunanka daidai, wani lokaci sai ka rasa wa ya san shi."

Aka tafa. Ni ban tafa ba, hannuna ɗaya yana riƙe da kujera, ɗayan yana gyara min ido, don wani abu ya faɗa ciki.

Da aka tashi, alhazai biyu ne suka zare ni daga kujerar. Kazar ce ta ɗan wanke mu, don ɗaliban nan ko ƙashi ba su bari ba. Na hango yaron ya saɓa jaka ya nufi wata hanya ƙarƙashin bishiyoyi, shi kaɗai. Na bi shi. Na buɗe baki, "Kai" ta taho da gudu kamar kullum, na haɗiye ta. Sai na ce:

"Nuraddini."

Ya tsaya. Sai da ya waiga bayana ya ga ko wani ne. Ba kowa sai ni, da shadda jiƙe da gumi.

"Na'am, Baba."

"Me ke damunka?"

Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni: na rufe bakina na saurara. Labarai uku masu ban dariya suka zo min, na danne su. Nasiha ta zo, ita ma na danne ta. Muka zauna a kan wani benci, ya fara magana. Abin da ya faɗa min namu ne ni da shi. Har la'asar ta yi yana magana.

Bai bar makarantar ba. Bai yi min alkawarin komai ba, ya dai ce zai ƙarasa shekarar, sauran kuma mu riƙa magana. Muna yi. Hoton kuwa ya zaga duk wayoyin Shawbe, yanzu ko 'yan dako Alhaji Mai Ƙaddamarwa suke kira na. Baturen, in ji Nuraddini, har yau da hular yake shiga aji in ana sanyi.

Abin da na koya shi ne, kafin ka karrama marubuci, ka fara bincika ko yana da rai. Kwafi kuwa ɗaya na saya daga baya, ina bi a hankali a cikin jirgi, ina tsallake manyan kalmomi. Ban yi nisa ba, yaron cikin littafin har yanzu bai koma gida ba. Na dai daina cewa Allah ya shirye shi. Jira nake in ji me zai ce.