Mai Tallar Allura Ba Shi da Kati

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tozarta kaina a unguwarmu Nima ba. Har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, aikin kammala karatuna kuwa shi ne in shawo kan ɗaliban unguwarmu su karɓi allurar ƙari ta korona. In ba su fito ba nas ɗin asibiti ba za ta sa hannu a takardar aikina ba, in babu sa hannu sai maimaita shekara. Na bi su majalisa-majalisa inda suke shan shayin ataya, duk wanda na tambaya sai ya bugi ƙirji: "Cale, abokina, don kai? Mu ne na farko!" (Na manta a zango ba a ce wa ɗan unguwa a'a ido da ido, sai dai ya gani a ƙasa.)

Kaina ya kumbura. Na je asibiti na rantse wa Anti Nas mutum arba'in za su zo. Liman ya yi sanarwa ranar Juma'a, har da ambaton sunan babana. Ranar Asabar muka kafa rumfa, muka jera kujeru.

Tun hantsi har azahar babu ɗalibi ko na magani. Wayoyi duk a kashe. Wanda ya fi kowa rantsuwa na hango shi ya tsallake kwata ya canza lungu. Liman ne kawai da tsofaffi uku, su ma inuwa ta kawo su.

Anti Nas ta dubi akwatin ƙanƙararta na ajiye allura, ta dube ni. "To, shugaba, mu fara da kai ko sa gani su fito. Kawo katinka in ga ta farko da ta biyu."

Jama'a, ba ni da kati! Ko ta farko ban taɓa yi ba. Mma, mahaifiyata, ta ce ba ta yafe ba in na bari aka tsira mini, ni kuma dama tsoro ne fal cikina, sai na fake da ita. Na hau laluben aljihu kamar gaske.

"Babu ne?" in ji Liman.

"Babu, Malam."

Ya girgiza kai. "Ashe da bakina ka tallata abin da ba ka ɗanɗana ba."

Anti Nas ta rufe akwatinta ta tafi, ba ta sa hannu ba. Abokaina suka kammala, ni na maimaita shekara, kunya ta hana ni bin layin masallacin wata da watanni.

Darasin da na saya da tsada: mai cewa jama'a su naɗe hannun riga, ya fara naɗe nasa. Na naɗe nawa daga baya, ni kaɗai, ba mai kallo. Ko zafi babu, wallahi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.