Notunan Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaisuwar iyayen Hadiza a Shagari, ko da kuwa na so in manta, domin har yau 'yan garin ba su bar ni ba.

Mahaifinta, Alhaji Bube, manomin albasa ne, kuma ba ya ba da 'ya sai ya auna hankalin mai nema. Da ya ji zan zo, sai ya aiko cewa a-kori-kurarsa tana Bodinga wajen gyaran fitila, in taho masa da ita. Na san jarrabawa ce. Na ci babbar riga ta shadda, na je Bodinga na karɓi motar, na shiga ina jin kamar an riga an shafa fatiha.

Ban yi nisa ba tayar baya ta yi faci. Na fito da jak da safaya, na kwance notuna shida, na zuba su a aljihun gaba kada su ɓace a yashi (ka ji mai hankali). Na ɗora safaya, na fara ɗaura noti biyu da hannu, sai ga wayar Hadiza. To, kowa ya san yadda muryar budurwa ke yi da ƙwaƙwalwar saurayi. Ina "ke ma kin sani," ina sauke jak, na tada mota na kama hanya.

Can sai na fara jin ƙwaram-ƙwaram daga baya, motar tana rangaji kamar akuya mai ciki. Da na rage gudu ƙarar ta lafa, da na taka ta dawo. Mai hankali tsayawa zai yi ya girgiza tayoyi. Ni kuwa rediyo na ƙure.

Allah ya kai ni ƙofar gida lafiya. Alhaji, wanda ya ji ƙarar tun daga nesa, ya kama tayar ya jijjiga, ta amsa masa.

"Kai ɗan nan, ina notuna huɗu sunka tahi?"

Wallahi na manta sarai. Kuma maimakon in yi shiru, sai bakina ya kama aiki. "Baba, karyewa sunka yi. Ƙarhen zamani ba shi da ƙwari. Ya kamata a riƙa duba motag ga."

Ya shafa ƙarafan da notin ke hawa, duk lafiyarsu lau, ba wanda ya guntule. "Sun karye, kac ce? Ikon Allah." Sai ya ce mu shiga zaure.

Zauren cike yake da kawunnan Hadiza, ga kwanon fura a tsakiya an buɗe don baƙo. Na cire takalmi, na zube, na sunkuya sosai don a ga ɗan mutunci. Ina cikin "Allah shi ƙara girma," sai aljihu ya yi amai. Uku suka gangara kan siminti, kal-kal-kal, ɗaya ya tsaya daidai ƙafar Alhaji. Na huɗun kuwa, tsulum, cikin fura.

Na ji kunya har na roƙi ƙasa ta tsage. Wani tsoho ya sa ludayi ya tsamo notin, ya ɗaga sama yana dubawa.

"Bube, ashe wanga bai karye ba, wanka yaz zo yi."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Alhaji ya jira aka lafa, ya ce, "To, na mota mun gane su. Saura na kanka. Wa yak kwance shi?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, waya ta."

Bai tambayi wadda ta kira ba. Ya sa na fita da babbar rigata na ɗaure notunan da sifana ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye a kaina, sannan ya ce tunda 'yarsa ce ta kwance notin kaina, sai ta je ta ɗaure abinta da kanta.

Yanzu 'ya'yanmu uku, amma a Shagari sunana Mai Noti. Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya zagi ƙarfen zamani a gaban surukinsa, ya fara laluba aljihunsa.